Gara Biyu a Jirgi Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai garar ƙanwata Hadiza. Ko da na so in manta, mutanen Matamaye ba za su bar ni ba, domin har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya daga rumfarsa ya ce, "Kapiten, yaya ruwa?" Ni kuwa sai in ce ruwa ya yi gyara, in ƙara sauri.

Asalin abin daga ci-rani ne. Duk shekara in an gama girbi nakan tsallaka Najeriya, in kafa teburin shayi a bakin wani babban dam a ƙasar Kano. Masu shan shayina yawanci masunta ne. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni a kwalekwalensa, ya miƙo mini gora ya ce in gwada tuƙi. Shi ke nan, kaina ya tafi. Da lokacin komawa gida ya yi, abokan tafiyata wani ya sayi rediyo, wani keke, wani atamfar matarsa. Ni na sayi tsohon jirgin ruwa. Haka aka ɗaure shi a saman kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhunan masara, ina zaune kusa da shi kamar mai rakiyar amarya. A kan iyaka wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zagaya shi, ya dube ni ya ce, "Malam, a wane teku za ka tuƙa wannan?"

(Kada ku ce ba ni da hankali ɗungum. Akwai fadama tsakaninmu da ƙauyukan da ke wajen Tsauni, wadda in damina ta zauna takan cika ta zama tafki. Mutane ko su yi dogon zagaye, ko su naɗe wando su ratsa da kaya a kai. Ni na ga hanyar suna ce a wurin.)

Daminar farko kuwa abin ya yi kyau. Na tsallakar da mata da ƙwaryar nono, na tsallakar da tsofaffi, har da wani saurayi mai suna Lawali, wanda na lura yana yawan zuwa Matamaye ba ranar kasuwa ba. Ashe wurin Hadizarmu yake zuwa, su biyun sun daɗe da daidaitawa. Kafin kaka an yi baiko, aka sa biki daminar gaba.

Sai ruwa ya janye, tafki ya koma taɓo, tambaya ta taso: ina za a ajiye jirgi? In na bar shi a fadama, wani zai faskara shi ya dafa tuwo. Na ce a ɗora shi kan soro, maƙwabcinmu magini ya ce in ina so in kwana da jirgi a ƙirji, bisimilla. Muka gwada zaure, hancinsa ya shiga, gindinsa ya ƙi, ya tare ƙofa har masu kai niƙa suka riƙa tsallake shi. A ƙarshe na tuna da tsohon ɗakin marigayi kakanmu da ke bayan gida, ɗakin ƙasa mai duhu da sanyi, wanda ba mai shiga sai kaji. Na shimfiɗe jirgin a ƙasa, na jingina shi da bango, na lulluɓe shi da tsofaffin buhuna da zana, na ƙara da karan dawa don kada ƙura ta taɓa shi.

Inna tana tsakar gida tana kallo. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo gare ni, sai ta gaya wa tukunya, ko akuya, ko iska.

"A gaya wa mai jirgi," ta ce tana kallon murhu, "ko rumbu ba a zaunar da shi a ƙasa. Duwatsu ake sa masa, a barbaɗa toka."

"Inna, ai jirgi ba rumbu ba ne," na ce. "Abin da ya yi shekaru cikin ruwa bai ruɓe ba, busasshiyar ƙasa ce za ta ba shi tsoro?"

"To," in ji ta.

Duk wanda uwa ta haifa ya san irin wannan "to" ɗin. Ni ma na san shi, amma a lokacin ina jin kaina sarkin ruwa.

Kafin in koma ci-rani na kira Hadiza na yi mata jawabi. Na ce in Inna ta fara tara kayan gara, shinkafa da sukari da mai da sauransu, a riƙa zuba su cikin jirgin, tun yanzu su saba da juna. Na bugi ƙirji na ce garar autarmu ba za ta je gidan miji a kan mutane ba, a jirgi za ta je, ni da kaina zan tuƙa, dangin Lawali su san gidan da suka nemi aure. Wannan alkawari ban bar shi a gida ba, sai da na faɗe shi a majalisa, na faɗe shi a tasha.

Ana tsakiyar bazara, ina fama da tukunyar shayi, sai ga rubutaccen saƙo daga Hadiza a wayata: "Yaya ina wuni. Gara fa ta shiga jirginka, ta cika shi."

Yanzu ku duba mini wannan magana tsakani da Allah. A baki, garar biki jan ta ake yi, garar da ke cin itace kuwa a taƙaice ake faɗinta, ko yaro ba zai rikita su ba. Amma a rubuce duk abu ɗaya ne. Ni kuma zuciyata na wurin biki, idona ya karanto mini abin da nake so. Na ga jirgina maƙil da buhuna, na ga Inna ta bi shawarata a karon farko a duniya. Nan take na mayar da amsa: "Alhamdu lillahi! Ku bar ta a ciki, kar wanda ya taɓa ta. A ƙara rufewa da kyau. Allah Ya ƙara mata yawa da albarka."

Ta sake rubutowa: "Yaya ka tabbata?"

"Ke dai yi abin da na ce. Ai don ita na sayo jirgin."

(Ranar har shayi kyauta na ba masunta don murna.)

A gida kuwa, kamar yadda na ji daga baya, Hadiza ta karanta wa Inna da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, wannan amsa tawa. Gwaggo ta ce ƙila sirrin masu jirgi ne, ƙila ƙasar da gara ke ɗorawa ita ke toshe kafofi. Inna ta ce, "Shi ya san kayansa." Aka ƙara rufewa da kyau.

Shekarar ban dawo da wuri ba, na tsaya neman abin biki, ƙannena maza suka yi shuka. Sai a makon ɗaurin aure na iso. Hadiza, baiwar Allah, ta share jirgin ta goge shi tas don kada yayanta ya tarar da ƙazanta. Kayan gara na gan su jibge a ɗakin Inna, na ce a raina an kwashe su ne saboda yoyon damina. Na sayo shuɗin fenti na shafe jirgin ciki da waje, na rubuta "Mai Rabo" a gefensa. Da muka zo ɗora shi a amalanke sai na ji ya yi sakayau, mutum biyu suka ɗaga abin da bara sai da majiya ƙarfi suka taru.

"Kun gani?" na ce wa jama'a. "Itacen ƙwarai ke nan. Yana tsufa yana ƙara sauƙi."

Aka ɗaura aure, aka kai amarya, ranar kai gara ta zo. Na sa farar shadda sabuwa da hula mai aiki. Tafki ya cika, rana ta fito, mutanen unguwarmu sun biyo mu kallo. A can ɗaya gaɓar dangin ango sun yi layi, mahaifin Lawali, Alhaji Mamman, yana gaba da lema, mata na ta rangaɗa guɗa. Muka loda shinkafa, buhun sukari, buhun gishiri, bidon, wato jarka, ta man gyaɗa, sannan a sama aka ɗora babbar fanteka ta alkaki da nakiya, wadda Inna ta yi kwanaki tana soyawa har idanunta suka yi ja don hayaƙi.

Na ce wa Gwaggo Tabawa ta shigo, ita ce jagorar tafiya, wurinta na gaba.

"Ɗan nan, ka dai duba cikinsa da kyau ko?" ta tambaye ni.

"Gwaggo, wannan jirgin ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Wannan kududdufin wanka ne a wurinsa."

"Ni dai ƙafata ba ta taɓa cin amanata ba," ta ce. Ta tattare zani, sauran mata suka bi ta da ƙananan kaya a kai, suka shiga ruwa a gefena.

Na kafa gora na tura. Kai, farkon tafiyar nan ta yi daɗi! Ina tsaye, iska na kaɗa rigata, har na saki hannu ɗaya ina ɗaga wa surukai. Mun kai tsakiya ke nan sai na ji ƙasan jirgin ya yi wata ƙara, irin ta tsohuwar ƙwarya in an taka ta. Na duba, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa kusa da buhun sukari. Na ce bari in danne wurin da ƙafa. Ƙafar ta wuce. Na dogara da ɗayar don in zaro ta, ita ma ta bi ƴar'uwarta. Abin da kawai Allah Ya ba ni ikon yi shi ne na fizgi fantekar alkaki na ɗora a kai.

Sai ga ni tsaye a ƙasan tafki, ruwa iya ƙirji, jirgi ya zagaye ni kamar na ɗaura shi, hulata tana tafiya ita kaɗai wajen surukai. Guɗar da ake yi ta katse a tsakiya. Wani ɓallin katako ya taso gabana, na kama shi da hannu ɗaya, ya marmashe. Fenti ne kawai a waje, ciki duk ramuka da jar ƙasa.

Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya a tsautsayi, har a tausaya mini. Amma bakina bai san haka ba.

"Gara!" na ƙwala ihu. "Gara ce ta cinye shi! Gida cike da mutane, a rasa wanda zai gaya mini?"

Gwaggo ta tsaya cak cikin ruwa, kwano a kanta. Muryar Gwaggo kuwa ba ta bukatar lasifika.

"A rasa wa? Ba Hadiza ta rubuta maka ba? Ba kai ka ce a bar ta a ciki kar wanda ya taɓa ta ba? Ka ce don ita ka sayo jirgin! Har addu'a ka yi mata, ka ce Allah Ya ƙara mata yawa da albarka, mu kuma muka ce amin!"

A nan ne maganar ta faɗo mini, ta faɗo wa gaɓa biyu a lokaci guda. Ban taɓa jin dariya mai tafiya a kan ruwa irin wannan ba. Wani tsoho sai da ya zauna a taɓo. Da tafkin ya fi haka zurfi da na nutse da kaina, amma ko wannan gatan ban samu ba.

Samarin ƙauyen suka shigo suka kwashi kaya a kai, yadda kakanninsu suka saba. Shinkafa ta jiƙe amma ta shanyu, mai ya taso da kansa aka kamo shi. Buhun sukari da na gishiri kuwa sun fito a lanƙwashe, ba komai ciki sai ruwa. Alhaji Mamman, mutumin kirki, ya karɓi fantekar daga kaina da hannunsa, yana ta danne dariya.

"Sannu, Kapiten," ya ce. "Mun sha karɓar gara a gidan nan, amma yau muka fara ganin wadda ta cinye abin hawanta."

Ya ara mini riga da wando da suka tsaya mini a ƙwauri. Da na shiga gaida amarya, Hadiza ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Yaya, ai sai da na ce ka tabbata?"

Duk wannan bai dame ni ba kamar komawa gida. Sukarin nan da gishirin nan, shekara guda Inna ta yi tana tuyar ƙuli-ƙuli tana tara su, don kada a ce autarta ta je gidan miji da gara mai giɓi. Na daɗe a zaure na kasa shiga, wallahi kunya da baƙin ciki sun cika ni. Da na daure na shiga, na same ta tana ba awaki dusa. Labari ya riga ni isowa. Na durƙusa daga nesa ina jiran faɗa, har ina fatan ta yi, ko na ji sanyi.

Ba ta dube ni ba. Ta shafa kan wata jar akuya ta ce, "A gaya wa mai jirgi, ashe bakinsa na da albarka ba mu sani ba. Ya roƙa wa gara yawa, ta yi. To ya taimaka ya roƙa mana sukari."

Ranar kasuwa ta gaba na kai sukari da gishiri gidan Alhaji Mamman, a kaina, wando a naɗe, ta cikin tafkin nan. Rabin jirgin da ya tsira yanzu komin awakin Inna ne, yana zaune daram a kan duwatsu, an zagaye shi da toka, "Mai Rabo" na nan a gefensa. Ni kuma tun daga ranar, duk wanda ya rubuto mini "gara", ko da cewa ya yi gara in zo gobe, sai na buga waya na ji da kunnena wacce yake nufi.