Gumbar Arba'in ɗin Kabo

"Lafiya lau. Gajiya ta bi lafiya," in ji Kabo.

"To madalla. Ya mutanen can? Ina nufin na ƙarƙashin ƙasa."

Malam Tukur ne ya yi tambayar, daga nesa, bai miƙa hannu ba. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ce. Kabo soja ne, ɗan Toranke, wanda tun bara saƙo ya zo cewa an kashe shi a wajen Anacha. An yi zaman makoki, an yi uku da bakwai da arba'in. Yau kuma sai ga shi da rana tsaka, ya tako daga Gaya da jaka a kafaɗa. Matan da ke bakin rijiya suka watsar da guga. Kafin ya iso ƙofar gidansu unguwa ta yi tsit, uwarsa Lami ta shige ɗaki ta sa sakata tana salati. Ya zauna a tabarmar zaure shi kaɗai.

Tukur ne kawai ya fito. Ɗan wan Lami ne, taubashin Kabo, ya yi karatu a birnin Kano ya dawo yana koyarwa. Ya san idan shi ma ya yi shiru babu mai sake yi wa Kabo magana a garin nan.

"Bawana, ko da rai ba ka da kyan gani, balle yanzu," in ji Tukur.

"Ubangidanka dai. Matso mu gaisa, matsoraci."

"Ba na gaisawa da gawa. Kuma ina da hujja."

Tukur ya tsuguna a bakin zaure, rabin jikinsa a rana, ya ce a ilmin manɗiƙi, na kafa hujja, akwai abin da ake kira ƙiyasi. Mutanen Yunan ne suka fara tsara shi, suna ce masa sulujismus, wato a tara magana a auna ta wuri ɗaya. Larabawa da suka ɗauko sai suka ce ƙiyasi, awon abu da ɗan'uwansa. Shi kuwa da Hausa auren magana yake ce wa ɗalibansa, domin magana biyu ake haɗawa su haifi ta uku, kuma ba mai iya korar ɗan.

"Ga uban: duk wanda aka yi wa sadakar arba'in ya mutu. Ga uwar: an yi wa Kabo sadakar arba'in, da ni aka ci. To faɗa min sunan jaririn."

"Wannan jariri a titi aka tsince shi," in ji Kabo. "Kai da ko auren kanka sai da aka roƙa maka, kai ne mai aurar da magana?"

"Ka karya uban ko ka karya uwar. In ka kasa, tashi in raka ka maƙabarta, akwai inuwa."

Kabo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, kamar shi ma yana son ya tabbatar. Can ya soma magana ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai abokinsa Ɗanladi, ba shi da kowa a duniya. Ranar da abin ya faru sanyi ya kama Ɗanladi, sai shi Kabo ya ara masa rigarsa ta soja mai sunansa. Da rigar aka binne shi. Shi kuwa Kabo ya farka a cikin rami tare da waɗanda ba za su farka ba, ya kwana da su ya wuni da su har sojojin ɗaya ɓangaren suka tsince shi suka tsare. Sai da aka gama yaƙi aka sake shi.

"Saboda haka arba'in ɗinku ba ta ɓata ba. Ta je wurin mai rigar."

"Wa ya gaya maka ta je?"

"Shi. Ai tare muka zo. Tun daga can yana bayana, ko a mota bai biya ba."

Tukur ya kalli tabarmar. Kabo a gefe ɗaya ya zauna, ya bar wurin mutum guda a damansa. Kajin da ke tsakar gida ma sun daina tono.

"Ya ce in yi muku godiya," in ji Kabo. "Wainar ta yi kyau. Amma gumbar ba zaƙi, ko ƙanshin zuma babu."

Tukur ya zuba masa ido. A gidansa aka daka gumbar nan, kuma shi ya hana a zuba zumar, ya ce mamaci ba ya lasa. Daga shi sai matarsa Rekiya suka san haka.

"Kabo, don girman Allah, a ina ka ji wannan?"

"A makarantarka, yanzun nan. Ga uban: duk abin da ya fito daga gidan marowaci ba shi da zaƙi. Ga uwar: kai ne babban ɗan kawu, a gidanka za a daka. To faɗa min sunan jaririn."

Dariya ta ƙwace wa Tukur har da hawaye. Bai san lokacin da ya faɗa cikin zauren ya cafki hannun Kabo ba. Hannun da ɗumi, da gumi, da kantar wahala. Ya riƙe shi gam, ya ɗaga murya cikin gida.

"Gwaggo, buɗe ƙofa. Ɗanki ne. Lahira ba za su iya da wannan bakin ba, sun maido mana."

Aka ji ƙarar sakata, da kukan tsohuwa yana matsowa. Tukur ya laluba aljihu ya ciro farin goro ya ba Kabo, ya ce yau dai bawa ya ka da ubangidansa.

Kabo ya karɓa ya ɓare shi biyu. Ya jefa ɓari ɗaya a baki. Ɗayan kuwa ya ajiye shi a hankali a kan tabarma, a damansa.

Tukur ya jira ya ji zolayar da za ta biyo baya. Ba ta zo ba. Sai ya ɗan ja ƙafarsa daga wurin, ya dubi inda ɓarin goron yake, ya ce, "Sannu da zuwa."