Kwalayen Karatuna da Ba Su da Hatimi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tantance Karatun 'Ya'yan Baƙi, ma'abocin babban hatimi da ƙaraminsa, Alƙahira.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarama take yi wa babba, da fatan an tashi lafiya, an sha shayi lafiya, tawadar hatimi kuma ba ta bushe ba.

Sunana Sabuwa, shekaruna goma sha uku, muna zaune a Hayyin Ashir. Ni ce yarinyar da take tsayawa bayan Abbanta a gaban tagarku ba ta cewa komai. Ma'aikacinku ya taɓa tambayar Abba ko bebiya ce ni. Ba bebiya ba ce, idan babban mutum ya kalle ni ne magana take maƙale min a wuya. Shi ya sa na rubuto.

Ina aji uku aka yi hatsaniyar juyin juya halin nan ta Misira a 2011. Ƙaramar makarantarmu ta rufe, mai ita ya koma ƙasarsu, Umma kuma ta ce ba za ta sake sa ni a motar haya ba sai gari ya kwanta. Da ma malama ce a Gusau kafin karatun Abba ya kawo mu nan. Sai ta mayar da tabarmar falo aji, ta koyar da ni shekara huɗu. Yanzu ina so in shiga ƙaramar sakandare tare da sa'o'ina. Ofishinku mai albarka ya ce takardata ta ƙarshe mai hatimi ta aji biyu ce, saboda haka aji uku zan shiga. A ajin nan Mahasin take, 'yar maƙwabciyarmu Anti Awadiyya 'yar Sudan, mai shekara takwas. Ni nake koya mata lissafi da yamma.

Ƙarshen watan nan za mu koma wani gida ƙarami. Takardun karatuna sun cika kwalaye a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, Umma ta ce kwali ɗaya kawai zai bi mu, ni zan zaɓa. Tunda ku kuka fi kowa sanin darajar takarda, na kawo kukana gare ku.

Na ɗaya. Na ware duk takarda mai hatimi kamar yadda aka umarce mu. Na sami katin rigakafi, da takardar izinin zama, da sakamakon aji biyu, da rasit ɗin gyaran firji. Duka sun shiga leda ɗaya. Idan na fahimci doka daidai, firjinmu ya fi ni shaidar abin da ya yi a shekarun nan. Ban yi jayayya ba, ranka ya daɗe, tambaya kawai nake yi: shi a wane aji za a sa shi?

Na biyu. Abba ya kai wa ma'aikacinku littafin lissafina na bara. Bai buɗe ba. Ya juya bayansa, ya juya gabansa, ya ce, "Ina hatimi, ya Shaikh?" Abba ya ce uwarta ce ta koyar da ita. Ya ce, "To uwar ta kawo hatimi." Da muka dawo gida Umma ta yi dariya har ta zauna, ta ce ita hatimin da ta sani shi ne jan biro da rankwashi. Don Allah a ina uwa take samun hatimi? An ce sai ta zama makaranta, makaranta kuma sai da gini da ƙofa biyu da filin wasa. Muna da baranda, amma a nan muke shanya.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Da Abba ya tambayi abin da za mu yi da sauran takardun, ma'aikacinku ya ɗaga kafaɗa ya ce, "A zubar, khalas," wato shi ke nan. Allah ya saka masa, ya sauƙaƙa magana. Sai dai akwai abin da bai sani ba. Umma ba ta karɓar aiki sai da Bismillah a samansa. Lissafi ne, zanen taswira ne, rubutun horo ne, kowane shafi da sunan Allah a layin farko. Takarda irin wannan ba a jefa ta a shara, ko ɗan yaye a gidanmu ya sani. Saboda haka takardun da kuka ce ba su da amfani su ne ba ni da ikon zubarwa, waɗanda kuke so kuma ko yau na yar da su babu laifi a kaina.

Ba zama na yi ba, na gwada hanyoyi.

Mai robabikiya, wanda yake yawo da amalanke yana sayen tarkace, ya ce zai ɗauka a kan sikeli. Amma na san inda takardunsa suke ƙarewa. Ammu Hamad mai suyar ta'amiyya, ƙosan nan na Misira, da su yake ƙunshe wa mutane. Makon jiya ya ƙunshe min da takardar jarrabawar wani yaro. Ya ci uku cikin ashirin, amma hatimi biyu ne a jikinta, shuɗi da ja. Na goge man, na ajiye ta. Idan za ta yi amfani a fayil ɗina a sanar da ni, ɗan ƙamshin albasa ne kawai.

Mun gwada ƙonawa a baranda cikin kaskon turaren wuta. Ba mu gama littafi ɗaya ba Anti Awadiyya ta leƙo daga sama ta ce, "Ya Ummu Sabuwa, kayan sallata kike yi wa banda?" Mai gadin gida kuma ya hauro da bokitin ruwa yana haki.

Umma ta ce a can gida Gusau kogi ake kai irin wannan, ga kuma Nilu a kusa. Abba ya ajiye cokali ya ce, "Baƙo ya tsaya a kan gada a wannan zamanin yana zuba takardu a ruwa? Ke za ki je ki karɓo ni daga hannun 'yan sanda?"

Daga nan dabara ta zo min, kuma ni kaɗai na yi ta, kada a zargi kowa. Na ɗauki almakashi na riƙa yanke layin farko na kowane shafi ina tarawa a gwangwanin biskit. Sai da na gama kwali guda na lura a wannan layin nake rubuta kwanan wata. Yanzu ina da gwangwani cike da Bismillah da ranaku, da tulin shafukan da ba a san shekarar da aka yi su ba. Umma ta daɗe tana kallon gwangwanin, sannan ta mayar masa da murfinsa. Na fi son a ce faɗa ta yi.

Na huɗu ba ƙorafi ba ne, yabo ne. Duk zuwanmu, tunda ba na iya kallon fuskar ma'aikacinku, bayansa nake kallo. Akwai ɗaki a nan cike da fayiloli daga ƙasa har rufi, an ɗaure su da igiya, ƙura ta lulluɓe su cikin mutunci. Ban taɓa ganin an buɗe ɗaya ba, ban taɓa ganin an jefar da ɗaya ba. Wallahi ban san wani wuri a garin nan da takarda take samun irin wannan kariya ba. Ba za a taka ta ba, mai ba zai taɓa ta ba, ido ma ba zai dame ta ba.

Don haka na yanke shawara, ina neman yardarku. Ledar hatimi za ta bi mu, har da rasit ɗin firji. A kwalin da aka ba ni zan zuba shafukan da na fi yin kuskure, don a nan rubutun Umma ya fi yawa. Waɗanda na ci duka alamar daidai ce kawai a kansu. Sauran kwalayen da gwangwanin, Abba zai kawo muku su ajiya ranar Alhamis. Ba sai an ba mu rasit ba, kada ya zo da hatimi ya rikita lissafi.

Roƙona ɗaya ne. Kafin a ɗaure su da igiya, wani ya sa hannu a kowane kwali ya ga dama, ya zaro kowane shafi, ya tambaye ni abin da ke ciki. Idan bakina ya ƙi buɗewa a ba ni biro. Na san wannan ba ya cikin tsarin aiki, na kuma san amsar da aka saba ba mu ita ce a dawo gobe. Gobenku tana da yawa, Allah ya ƙara, tawa ce ta kusa ƙarewa, don a nan ranar Lahadi ake komawa makaranta.

Idan hakan bai yiwu ba, ma'alish, wato ba komai, na gode da dogon haƙurin da kuka koya mana. Zan shiga aji ukun. A taimaka kawai a rubuta wa makarantar ta ba ni bencin baya, don gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin teburinsu, na gwada na Mahasin. Ita ma ta ce kada in damu, za ta riƙe hannuna ta kai ni har cikin aji, kuma ba za ta gaya wa kowa ni nake koya mata ba.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya kare ofishinsa daga gobara da ɓera da masu gaggawa.

Taka mai biyayya, wadda take jira a bayan Abbanta,

Sabuwa Mas'udu
Hayyin Ashir, Alƙahira
Satumba, 2015