Infoman Da Ya Nome Mini Gona

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tara wa kaina jama'a a ƙofar gidana a Batsari ba. Ba wanda ya tara mini su, ni na kira su da bakina.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ban gaji ko tiya ɗaya ba. Da dako na fara, na koma awo, har Allah ya sa na mallaki sito. Babban abin da nake taƙama da shi shi ne sanin mutane. Mutum ya kwance bakin buhu, kafin in tsoma hannu na san ko ya yi algus a ƙasa. (Haka dai nake gaya wa kaina.)

A shekarun nan da daji ya lalace, kowa ya san 'yan bindiga ba sa zuwa gidan mutum sai wani na cikin gari ya nuna masu. Infoma kenan. Duk mai sito kuwa ya san ana lissafi da shi. Na daina sa babbar riga, na ajiye mota na koma kan tsohon babur. Ko maiɗakina ba na gaya mata kasuwar da zan ci gobe.

Ana cikin haka na fara lura da wani saurayi. Farkon haɗuwarmu a hanyar Yasore ne. Yana hango ni ya taka birki, ya sauka daga babur, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gefen hanya kansa a sunkuye har na wuce. Na ce a raina, wannan ɓoye fuska yake yi. Ran kasuwa kuma na hango shi a layin masu wake. Muna haɗa ido ya juya ya kutsa cikin 'yan tumaki kamar an biyo shi.

Sai maganar gona. Ina da gona a Darini wadda ciyawa ta kusa cinyewa, saboda kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin hankali. Na leƙa wata safiya, na tarar an nome ta tas, har an yi mata huɗa. Na tambayi maƙwabcin gonata, ya ce, "Wasu samari ne daga wajen Safana suka zo a babura, suka yi suka tafi." Yana faɗa yana murmushi.

Samari a babura! Ranar ko tuwo ban iya ci ba. (Kada ka tambaye ni wane ɗan bindiga ne ke yi wa mutum noma kyauta. A lokacin na samo wa kaina amsa: auna gonar suke yi.)

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Isuhu, mai shayin bakin layinmu. Yana firfita mini shayi ya ce, "Alhaji, akwai wani yaro da kullum sai ya tambaye ni ƙarfe nawa kake fita, ta wace hanya kake dawowa."

"Kai kuma me kake ce masa?"

"Gaskiya nake gaya masa mana," in ji shi, yana dariya.

Nan take na sa Isuhu ma cikin waɗanda nake zargi. Na ajiye kofin ban shanye ba.

A gida kuwa maiɗakina ta dame ni da magana ɗaya: "Alhaji, Yaya Mamman fa yana nemanka. Ka daure ka je." Yaya Mamman wana ne, shi ne babba a gidanmu. Na ɗauka taimakon hatsi zai nema, don a wannan yanayi duk wanda ya ce yana nemanka ka san zancen. Sai na yi ta ce mata gobe.

Daga ƙarshe na ɗana tarko. Na gaya wa Isuhu da ƙarfi, yadda kowa zai ji, cewa zan tafi Safana sai bayan magariba. Na zagaya ta baya na shige zauren maƙwabcina na laɓe. Ana idar da la'asar sai ga mutumin. Ya kafe babur nesa da gidan, ya duba gabas ya duba yamma, ya nufo ƙofata a hankali. Farar shadda ce a jikinsa, sai ƙamshin turare yake. (Wannan ma bai sa na yi tunani ba.)

Na yi tsalle na cafki wuyan rigarsa. "Jama'a ku kawo ɗauki! Infoma! Na kama infoma!"

Kafin in rufe baki layin ya cika, wasu da sanduna, wasu da gora. Wani ya kai masa mari hularsa ta faɗi. Kowa a yankinmu ya san abin da ke samun wanda aka kira da wannan suna, ba kowa ke kai wa gaban hukuma da ransa ba. Allah ya taimaka 'yan sa-kai biyu suka iso, suka ce a kai shi wajen mai unguwa tukuna.

A zauren mai unguwa yaron ya zube ƙasa. Ya ce sunansa Nasiru, daga Tsaskiya yake, malamin firamare ne kuma yana noma.

"Kai ka nome gonar Alhaji?" in ji mai unguwa.

"Ni da abokaina ne, ranka shi daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa kake bibiyar lokacin fitarsa?"

Ya saci kallona, ya ƙara sunkuyar da kai. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Na juya wajen jama'a ina buɗa hannu: "Kun gani ko? Shekara nawa ina kasuwa, ni za a yi wa wayo?" Waje ya fara ɗaukar zafi, ana cewa a miƙo shi.

Sai ga Yaya Mamman yana haki, hula a karkace. Ashe maiɗakina ce ta aika masa.

"Wa ya kama yaron nan?"

"Ni ne, Yaya," na ce, har da gyara tsayuwa.

"To sannu da aiki. Surukinka ne."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Ashe tun kafin damina iyayen yaron suka zo daga Tsaskiya da goronsu wajen Yaya, neman auren 'yata. (Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce. Ka ga ni ma na san kunya in ta zo kaina.) A gidanmu ba a tunkarar uba da irin wannan magana, wajen wansa ake zuwa, shi ne zai kira shi ya shaida masa. Kiran da na yi ta gudu kenan.

"Tambayar lokacin fitarka," in ji Yaya, "don kada ku yi kiciɓis ne in ya zo zance. Noman kuwa gayyar suruki ce, ko ka manta ana yi? Kai da kake neman uwar yarinyar nan, ba katangar mutane ka haura ba da ka hango mahaifinta, har wandonka ya yage?"

Zauren ya ɗauki dariya, har da 'yan sa-kai. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai unguwa ya dubi yaron ya ce, "Kai kuma, ana shirin hallaka ka, me ya hana ka faɗa?"

Murya can ƙasa ya ce, "Ranka shi daɗe, a gaban Baba?"

Wani tsoho daga bakin ƙofa ya ɗaga sandarsa ya ce, "Alhaji, irin wannan infoma mai nome gona, in akwai saura a aiko mini guda."

Sati guda 'yata ba ta bari mun haɗa ido ba, uwarta kuwa sai ta dire kwanon tuwo ta juya. Dole na bi Yaya har Tsaskiya ba da haƙuri, muna ta faɗa wa ramuka a babur. A ƙofar gidansu ni na tuɓe takalma, ni na durƙusa. Mahaifin yaron ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai, Alhaji, zamani ne ya kawo. Gonar dai ta yi kyau ko?"

Bayan kaka aka ɗaura aure.

Abin da na koya shi ne, tsoro in ya yi wa mutum yawa har ladabi sai ya gan shi kamar makirci, kuma kafin ka tara jama'a a waje, fara tambayar mutanen cikin gida. Ban daina taka-tsantsan ba, don dajin bai gyaru ba. Amma yanzu duk ranar da na ji Nasiru zai kawo matarsa ganin gida, ni ke zuwa wajen Isuhu in rage murya in ce, "Ƙarfe nawa yaron nan ke zuwa, ta wace hanya yake biyowa?"