Ranar da Aka Zo Ta'aziyyar Tsohuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa mahaifiyata 'yan ta'aziyya ba, alhali tana zaune da ranta da lafiyarta tana jan carbi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna da wata kyanwa a gidanmu da ke Unguwar Kanawa. Marigayi Baba ne ya tsinto ta a bakin kwata tana 'yar mitsitsiya, lokacin ina sakandare, ya sa mata suna Fara. Duk inda ya zauna tana gindin ƙafarsa. Bayan rasuwarsa ta daɗe tana zagaya kujerarsa tana kuka, daga baya ta dawo ta liƙe mini. Da shekaru suka ja ta daina hawa katanga, haƙoranta suka zube, ɓera zai wuce ta gabanta ta bi shi da ido kawai kamar wadda ta yi ritaya. Sai kowa a gidan ya koma kiranta Tsohuwa, sunan Fara ya ɓace.

To kun san mu 'yan Kaduna, in namiji ya ce "tsohuwa" uwarsa yake nufi. Ni kuwa Umma nake kiran tawa, ita kuma ta ce mini Auta. Nan bala'in ya samo asali.

Bara da damina Tsohuwa ta kwanta ciwo. Ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, in ta ci abu ta amayar. Na sa ta a kwali na huda masa ramuka, na hau Keke Napep na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya dudduba ta ya ce ƙoda ce ta gaji, tsufa ne, ba warkewa za ta yi ba, sai dai a rage mata wahala. Ya koya mini yadda zan dafa kifi ba gishiri in murje shi, in ɗura mata da sirinji kaɗan-kaɗan, ya ce in riƙa kawo ta ana yi mata ƙarin ruwa.

Ina aiki a wani kamfanin buga takardu a Doka, ni ke tsara rubutu a kwamfuta. Ranar da zan mayar da ita asibiti na shiga ofishin maigidanmu, Alhaji Mu'azu, wani Bakatsine mai tsananin son aiki, na ce, "Alhaji, ina neman izini, zan kai Tsohuwa asibiti."

Ya ajiye biro. "Subhanallahi! Mi ya same ta?"

"Ƙoda ce, in ji likita."

"Tashi ka tafi! Uwa ai ba abin wasa ba ce. Duk ranar da ta buƙace ka, kar ma ka tambaye ni."

Wallahi na buɗe baki zan gyara. Amma na dubi kaina: ƙato da gemu, na haura talatin, ban yi aure ba, in tsaya gaban Alhaji in ce kyanwa zan kai ƙarin ruwa? Na maida bakina na rufe, na ce na gode. (Har na riƙa lallashin kaina a hanya cewa ai ban yi ƙarya ba, shi ne ya fassara.)

Daga nan na zama ɗan aljanna a ofis. Kullum da safe sai an tambaye ni ya jikin tsohuwa, ni kuma in ba da amsa tsakani da Allah. "Jiya ta ɗan ci kifi." "Yau ba ta iya tashi ba, ni na goge mata jiki." Anti Rifkatu, akawunmu, wadda ta san Umma tun bikin yayata, har hawaye take yi. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya ba ni ɗa irinka. Namiji ya goge wa uwarsa jiki, a wannan zamanin!" Sau biyu tana cewa za ta zo dubiya, ina cewa likita ya hana a dame ta. Wata rana na yi suɓul da baka na ce ta yi fitsari a kan dardumata, ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, haka tsufa yake.

Abin dariya ne yanzu, amma jinyar ta gaske ce. In na dawo aiki kafin in cire takalmi sai na leƙa kwandon da take kwanciya. In ta ji muryata takan ɗaga kai ta yi wani ɗan kuka da ba ya fita sosai. Nakan ɗora ta a cinya ina shafa bayanta, ƙasusuwan suna sukar tafin hannuna, in ji kamar wani yanki na Baba ne nake riƙe da shi yana zamewa.

Wata Talata bayan na dawo sallar asuba na same ta a miƙe, jikinta da sauran ɗumi, ba ta numfashi. Na kira sunanta na da, na ce Fara, ko za ta motsa. Shiru. Umma ta fito ta tsaya a kaina ta yi salati, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon ɗankwalinta ta ce in naɗe ta. Na haƙa rami a gindin gwaibar bayan gida na rufe ta. Ban san ina da hawaye haka ba.

Da na ga ba zan iya fita aiki ba na kira Alhaji. Ina jin muryarsa tawa ta karye.

"Alhaji... Tsohuwa ta rasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe za a yi jana'iza?"

"Ai har na rufe ta."

"Ka rufe ta? Ba ka gaya ma kowa ba?"

Kuka ya ci ƙarfina, na kashe wayar gaba ɗaya na jefa ƙarƙashin filo. Na rantse a lokacin kwata-kwata na manta abin da "tsohuwa" ke nufi a ofishinmu. Na kwanta, kaina na sarawa, in na tashi na yi salla in koma.

Bayan la'asar barci ya fara ɗaukata sai na ji wata ƙara a tsakar gida, irin wadda ke tsinka hanji, haɗe da ƙarar faɗuwar wani abu. Na fito a guje daga ni sai singileti. Abin da na gani: Umma zaune kan darduma cikin farin hijabi har ƙasa, carbi a hannu, baki buɗe. A gabanta ƙatuwar kular abincin da aka kawo ta kife, dafa-duka ta watse ko'ina. Can kuma ƙafafun Anti Rifkatu ne ke ɓacewa ta zaure, ba takalmi, tana ihu, "Yesu! Ta dawo! Ta kira sunana!"

Umma ta dube ni. "Auta, lafiya matar nan? Maraba kawai na yi mata."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini.

Na leƙa waje. Jama'a! Motar kamfani ce a ƙofar gida. Ma'aikatanmu kaf, har da masu injin, sun shimfiɗa tabarmin da suka aro a masallacin layinmu. Alhaji na gaba cikin babbar riga, kusa da shi limamin unguwarsu da ya ɗauko musamman, hannuwansa har yanzu a sama don addu'ar ce aka katse. Ga buhun shinkafa an jingine da bango. Maƙwabta kuma sun fara cika wurin, mai shagon layinmu na share hawaye yana cewa, "Yau da hantsi fa ta aiko a sayi sukari!" Ihun Anti Rifkatu ya sa rabin mutanen sun miƙe, wasu har sun kama hanya da takalma a hannu.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga ɗan acaba ya yi burki, Yaya Hadiza ta diro tun bai tsaya ba. Ita ce babbar yayarmu, tana aure a Unguwar Shanu. Ashe wani a ofis ya sa sanarwar rasuwa a waya, da sunana da na unguwarmu, ta zagaya har ta isa wurin ƙawarta. Ta kira ni wayata a kashe, ta kira Umma ita kuma tata na ɗaki tana caji. Mayafinta a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana kururuwa, "Ummana! Kun binne ta ban gan ta ba!"

Daidai nan Umma ta fito ƙofar gida.

Yaya Hadiza ta tsaya cak, ta dubi Umma, ta sulale ta zauna a ƙasa. Liman ya sauke hannuwansa a hankali. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Umma ta ce, "Sannunku da zuwa. Wa ya rasu?"

Idanu duk suka juyo kaina, ni da singiletina da kumburarrun idanu.

Alhaji ya ce, "Kai, ba kai ka kira ni kana kuka ka ce tsohuwa ta rasu ba?"

"Eh, Alhaji."

"To wannan wace ce?"

"Umma ce."

"Wadda ta rasun fa?"

Da ƙyar na ce, "Kyanwa ce."

"Ɗaga murya!"

"Kyanwarmu ce, Alhaji. Sunanta Tsohuwa."

Bello direbanmu, Basakkwace, shi ya fara magana. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Wai mussa munka zo ma gaisuwa? Mussa?" (Haka suke kiran kyanwa.) Anti Rifkatu daga bayan mota, hannu a ƙirji, ta ce, "To wadda kake goge wa jiki fa? Wadda ta yi fitsari a darduma?"

Umma ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Ni ce na yi fitsari a darduma?"

"A'a, Umma, ai..."

"Auta, tun yaushe kake kashe ni a wurin aikinku?"

Wani daga baya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sai ta kama kowa kamar gobara. Yaya Hadiza kaɗai ba ta yi ba. Ta tashi, ta cire takalmin da ya rage mata, ta sauke mini shi a gadon baya, sannan ta rungume Umma tana wani sabon kukan. Na cancanci fiye da haka. Matar nan ta yi tafiyar Unguwar Shanu zuwa gidanmu a matsayin marainiya.

Ina jiran Alhaji ya ce kar in sake taka masa kamfani, sai Umma ta ɗaga hannu aka yi tsit.

Ta ce, "Ku yi haƙuri da shi, wauta ce ta auta. Amma jinyar da ya gaya muku bai ƙara ko kalma ba, a gabana ya yi ta. Kyanwar mahaifinsa ce. Ni ma yau ban iya cin abinci ba." Ta juya ga liman. "Malam, tunda Allah ya kawo ku, kar ku tashi haka. A yi wa mai gidan nan addu'a."

Liman ya gyara zama. Ya ce tausayin dabba ba abin kunya ba ne, akwai lada a cikinsa, abin kunyar shi ne barin mutane cikin duhu. (Wannan kashin nawa ne, kuma ya dube ni sosai da ya faɗa.) Aka yi wa Baba addu'a mai tsawo, aka roƙa wa Umma tsawon rai, ita kuma tana amsawa da amin da ƙarfi fiye da kowa. Ni ina rakuɓe a bango, hawaye na zuba, ban san ko na kunya ba ne ko na rashi.

Da za su tafi Bello ya sunkuya zai mayar da buhun shinkafar mota, Alhaji ya daka masa tsawa ya ce a bar wa Hajiya na tsoratar da ita da aka yi. Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Da ka ce mani mage ce, da na ba ka izinin. Ni ma ina da wata a Katsina da ba mai taɓa ta. Gobe ka zo da wuri."

Yaya Hadiza ta yi kusan wata ba ta ɗaga wayata. Anti Rifkatu kuwa har yau in ta zo gaida Umma sai ta tsaya a zaure ta yi sallama sau uku ta ji an amsa da muryar masu rai. A ofis an kafa sabuwar doka ba a rubuce ba: duk wanda ya ce an yi masa rasuwa, kafin a yi salati sai Bello ya tambaya, "Mai ƙafa nawa?"

Na yi kewar Tsohuwa sosai, na daɗe ina buɗe ƙofar ɗaki a hankali don kar in buge ta. Abin da na koya shi ne, baƙin cikin da ka ɓoye don kar mutum ɗaya ya yi maka dariya, wata rana unguwa guda ce za ta taru ta yi maka ita, da liman a sahun gaba. Yanzu ko kaza ce ta yi mura a gidanmu, in zan ba da labari da jinsinta nake farawa.