Yadda Majalisar Gilashi Ta Zaɓi Ƙaguwa

A falon wani gida akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwa mai ɗumi, kifayen da ke cikinsa suna kiransa Ƙasar Gilashi. Kowace safiya wani hannu yakan ɗaga murfi ya barbaɗa abinci, kifayen suna kiran mai shi Mai Hannu. Kifayen sama su fara ci, na tsakiya su tare abin da ya kuɓuce, na ƙasa su tsinci abin da ya kai ga yashi, in ya kai. Wannan tsari shi majalisar ƙasar take kira adalci, tunda ba a hana kowa buɗe baki ba.

Shugaban majalisar wani faffaɗan kifi ne mai suna Nomau, fukafukansa dogaye suna binsa a baya kamar babbar riga. Kakakinsa Bawale, jan kifi ɗan tsakiya, bai iya tsayawa wuri ɗaya ba ko da yana jawabi. A can ƙasa kuwa, cikin wani fasasshen kasko da Mai Hannu ya kifa a kan yashi, wata 'yar kifanya mai suna Barmani take zaune da 'ya'yanta sababbin ƙyanƙyasa, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Maƙwabcinta wani tsohon kurungu ne, Baba Tunau, wanda ya ga zuwan Nomau yana ɗan mitsitsi a cikin leda.

Da tafiya ta yi tafiya, gansakuka ta rufe bango, ruɓaɓɓen abinci da kashin manya suka taru a ƙasa. Numfashi ya fara yi wa 'yan ƙasa wuya, har suka riƙa tasowa sama gungu-gungu suna haƙilon shaƙar iska. Manya ba su damu da warin ba, don bai kai gare su ba tukuna. Abin da ya dame su shi ne ganin talakawa a saman ruwa, kafaɗa da kafaɗa da su.

Mai Hannu ma ya lura. Wata rana ya zuro wani kwandon raga cikin ruwan, da baƙi iri uku a ciki, duk marasa ƙashi: katantanwa, da jatan lande, da wata ƙaguwa guda. Al'adar ƙasar kuwa ita ce, baƙon da kifaye suka yi ta kai wa cizo, Mai Hannu yakan ɗauke shi. Wanda suka ƙyale, ya zama ɗan ƙasa. Wannan ne kaɗai ikon da majalisa take da shi, saboda haka take ji da shi ƙwarai.

Aka kira taro a gindin busasshen itacen da ke tsakiyar ƙasa. Barmani ta bar 'ya'yanta a hannun Baba Tunau ta je, tana yi tana waiwayen kasko.

Tsohuwar katantanwa ce ta fara magana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu lasar bango muka iya. A hankali muke yi, amma inda muka bi..." Kafin ta kai ƙarshen zancen rabin majalisa sun juya suna hira.

Sai wakilin jatan lande, siriri, ana ganin hanjinsa ta cikin jikinsa. Ya ce, "Mu masu tsince-tsince ne, ranka ya daɗe. Babu lungun da hannunmu ba ya shiga. Ba mu da makami, ba ma faɗa. Roƙonmu ɗaya, a bar mana ɗan duhun ciyawa inda matanmu za su ɓuya in sun haihu."

Bawale ya yi tsalle ya zagaya itace. "Kun ji ko? Tun ba su shigo ba suna zancen haihuwa! Yau ciyawa, gobe kujera a majalisa. Waɗancan katantanwa kuwa da gidajensu a baya suka zo. Wanda ya zo da gidansa, yaushe zai tafi?"

Ƙaguwa ba ta yi gaggawa ba. Ta naɗe manyan hannayenta masu kama da awartaki, ta rusuna. Ta ce, "Ni ban iya iyo ba, ya shugaba. Sama ba wurina ba ce, abincinku ba ya gabana. Ni kaɗai ce, ba dangi, ba miji. A ƙasa zan zauna, in share ta fes, in kuma tabbatar kowa ya tsaya inda aka ajiye shi."

Wannan magana ta ƙarshe ta yi wa manya daɗi, har fukafukan Nomau suka buɗe.

Barmani ta kasa haƙuri. Ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ne za mu kwana da ita. A tambaye ta me take ci."

Ƙaguwa ta juyo da idanunta da ke kan tsinke. "Abin da ya faɗo, 'yar'uwa."

"In bai faɗo ba fa?"

"Kullum wani abu yana faɗowa."

Aka yi dariya. Nomau ya gyara murya ya ce, "Jama'ar Gilashi, mun saurari kowa, har da waɗanda ba a ba su izini ba. Ƙasa tana bukatar tsafta, amma ta fi bukatar natsuwa. Baƙi masu yawa fitina ne, baƙo ɗaya mai ƙarfi kuwa ma'aikaci ne. Majalisa ta zaɓi Ƙaguwa."

Nan take matasan tsakiya suka far wa ragar, suna cizon gashin bakin jatan lande, suna tunkuɗar katantanwa. Mai Hannu ya gani, ya kwashe jatan lande da katantanwa, ya saki Ƙaguwa. Ta sauka a hankali, ta zaɓi kogon dutsen da ke daura da kaskon Barmani.

Da farko ta yi aiki, wannan ba a musu. Yashi ya yi fari, wari ya ragu. Da datti ya ƙare, sai ta fara tumɓuke ciyawa, ta ce tana tare mata gani. Bayan ciyawa, wata safiya aka nemi Baba Tunau aka rasa. Barmani ta tsinci ƙayar bayansa a bakin kogo.

Daga ranar ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta kwashi 'ya'yanta a baki ta kai su bayan bututun da ke fitar da kumfa, ta ga wurin a fili yake, ta mayar da su gindin itace, ta sake dawo da su kasko. Duk inda ta kai su, gari na wayewa sai ta ga gungun ya ragu. Ta daina zuwa tsintar abinci, ta rame, idanunta suka fito. Ta kai kuka majalisa, Bawale ya amsa mata da cewa cunkoson ƙasa ya ragu, ruwa ya yi garau, kuma tun zuwan Ƙaguwa ba a sake ganin ɗan ƙasa ko ɗaya ya taso sama ba. Gaskiya ya faɗa. Ba a gani ba.

Har rigar Nomau ba ta tsira ba. Ya sauko ƙasa-ƙasa yana gyangyaɗi, ya farka ya ga an yage masa gefen fiffike. Da aka tambaye shi ya ce shi ya sa aka rage masa, tsawon ya yi yawa.

Wata rana da hantsi ɗaya daga cikin 'ya'yan Barmani ya sulale ya nufi kogo. Ga Ƙaguwa tsaye a ƙofa, hannaye a buɗe. Barmani ba ta tsaya tunani ba, ta runtse ido ta kai mata karo da dukkan ƙarfinta. Sai abin ya tuntsure, ya yi birgima a yashi, shafal kamar busasshen ganye. Ɓawo ne, babu kowa a ciki.

Ta leƙa kogon. Can ƙurya ta hango Ƙaguwa ta ainihi, ta yi saɓa, ta fito daga tsohon sulkenta. Jikinta fari fat, tiɓis kamar dafaffen ƙwai, hannayen nan sun lanƙwashe ba sa iya matse komai.

Ƙaguwa ta ce da ƙaramar murya, "Maƙwabciya, wuce abinki. Ba ni da lafiya."

Barmani ta kai mata cizo, amma bakinta ƙarami ne, ko alama bai bari ba. Aiki ne na bakuna da yawa. Ta fita a guje ta nufi itace tana kururuwa.

"Ku zo! Ta tuɓe sulke! Yanzu ko ɗan tsakiya ɗaya ya fi ta ƙarfi. Ku zo mu taru a kanta, Mai Hannu ya gani ya ɗauke mana ita!"

Nomau ya dubi yagaggen fiffikensa, na ɗan lokaci kamar zai motsa. Sai Bawale ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi hattara. Majalisa ce ta zaɓe ta. In majalisa ta cije ta, ta ce ke nan ta yi kuskure. In ta yi kuskure a wannan, gobe za a tambayi sauran."

Barmani ta ce, "Jikinta yana ƙara tauri muna nan muna magana!"

Aka ce ta yi shiru, ba a ba ta izini ba. Aka yi ta muhawara har aka barbaɗa abinci, aka tashi cin abinci. Da aka dawo aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Bawale ya je ya gano gaskiya. Kwamiti ya sauka, ya yi kiciɓis da ɓawon a kan yashi, ya watse a guje. Bawale ya shaida wa majalisa cewa yanzu ƙaguwa biyu ne a ƙasa, don haka a ɗage zaman.

Ana cikin ɗage-ɗagen nan Ƙaguwa ta fito. Ta fi da girma, sabon sulkenta baƙi wuluk yana sheƙi. Ta cinye tsohon ɓawonta a gaban kowa, sannan ta kama busasshen itacen nan ta fara hawa, ƙafa bayan ƙafa, har ta kai reshen da shugaba yake tsayawa. Nomau ya matsa gefe. Bawale ya gabatar da ƙudurin a ba ta sarautar Uwar Tsaro, aka amince babu mai ja.

Barmani ta koma ƙasa. Ta tura 'ya'yan da suka rage mata cikin wata tsaga da ke bayan kasko, ta toshe bakin da tsakuwa. Daga nan ta fara bin maƙwabta lungu-lungu, tana yi wa kowa raɗa ta wuce, su kuma suna gyaɗa kai.

Yanzu kullum tana bakin kaskonta, ba ta zama ba ta tafiya, idonta a kan bayan Uwar Tsaro. Ƙaguwa tana ci tana ƙiba, sabon sulken ya fara matse ta. Barmani tana jiran ranar da zai tsage, kuma ba ta da niyyar zuwa neman izinin magana.