Ringin da Ya Cinye Injin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da irin takun da na yi na shiga garinmu Ƙofa a wancan hutun, kafaɗa a buɗe, da ɗan ƙunshi a aljihu kamar wanda ya samo maganin tsufa. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a lokacin. Aikina shi ne haɗa garin tangaran da ƙarfe a gasa su tare, a samu abin da guga ba ta cinye shi da wuri. Da wannan haɗin na sa aka yi mani ringi, wato zoben nan da ke zagaye da fistan a cikin inji. A ɗakin gwaji mun goga shi har na'ura ta gaji, ko gezau bai yi ba.

Baba yana da injin niƙa, shi kaɗai ne a unguwarmu. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka kai ni makaranta. Duk bayan ’yan watanni sai an kira Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, bakanike a Kankia, ya zo ya canza ringi. Wannan canjin ya daɗe yana ba ni haushi, don ni a ganina rashin ilimi ne kawai.

Da na miƙa wa Kawu nawa, sai ya juya shi, ya goga masa magagari, magagarin ya zame.

"Injiniya," in ji shi, "wanga abu ya cika tauri. In shi bai ciyuwa, mi za ya ci?"

Na yi dariya (irin ta wanda ya karanta littafi uku). Na tsaya gaban mutanen da ke zaune a rumfar injin na yi masu lacca, rabi da Turanci. Baba yana saurare, fuskarsa cike da alfahari. Ya ce, "Sale, sa mashi. Ba don irin wannan muka kai shi boko ba?"

Sati uku injin yana aiki, ni kuma ina kan benci ina amsa gaisuwa. Daga nan ya fara hayaƙi, ya fara shan baƙin mai. Na ce sabo ne yake yi. Saura kwana biyu azumi, lokacin da kowane gida ke kawo geron kunu, ƙore sun yi layi har bakin hanya, sai injin ya yi tari ya tsaya.

Kawu ya zo a kan babur, ya kwance shi a gaban kowa. Ya zaro ringina yana ƙyalli kamar yau aka sa shi. Ni kuwa, Allah Ya yafe mani, sai na karɓa na ɗaga sama na ce, "Kun gani ko? Ko ƙwarzane babu!"

 Kawu ya kama yatsana ya tura cikin silinda, ramin da fistan ke kai-kawo a ciki. Bangon duk ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

"Ƙwarai, ringinka lahiya lau," in ji shi a hankali. "Injin ne ya mutu. Da gangan ake yin ringi da ɗan laushi, ɗana, don shi ya cinye, silinda ta tsira."

Nan take na tuna cewa a ɗakin gwaji ringin kaɗai nake aunawa. Farantin da ake goga shi a kai, ban taɓa juya shi na duba ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

 Baba ya tashi ya riƙa ɗaukar ƙoren nan ɗaya bayan ɗaya yana mayar wa masu su, yana ba su haƙuri. Wannan ya fi mani zafi a kan duka. Injin tsohon yayi ne, ba a samo silindarsa ba sai bayan salla. Azumin nan kaf da turmi aka yi shi a unguwarmu, har da mahaifiyata, da ƙishirwa a bakinta. Wasu suka koma kai niƙa Kusada, kuma ba duka suka dawo ba. In an miƙo mani kunu da shan ruwa, da ƙyar yake wucewa.

Ranar da zan koma makaranta na durƙusa na nemi gafara. Baba ya ce, "Ba komai. Ka dai riƙe wannan: abin da ya ƙi cinyewa, na kusa da shi yake ci." Na dubi hannuwansa, duk sun yi kanta sun tsattsage, na kasa ɗaga kai.

Har yau aikin nake yi, amma ba na auna abu sai na auna abokin gugarsa. Ringin kuwa na maƙala masa makullaina, yana nan yana ƙyalli. Ya zuwa yanzu ya huda mani aljihun wando huɗu.