Goran Fura da Gemun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko ba, daga Tsafe zuwa Bungudu, sunan ɗan ƙanwar maigidana. Lokacin sai jaki da ƙafa, kwana biyu a hanya. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa wuce ƙofar gari ba. Da Inna, uwar mijina, ta ce in zauna gida don yarana biyu za su dami ayari da kukan yunwa, sai na bugi ƙirji na ce in har ɗayansu ya yi, kada a sake zuwa da ni ko'ina. Ta ce, "To, mun ji."

Murna kamar in yi tsuntsuwa in tashi! Kwana uku ina haɗa guzuri. Na yi dakuwa, na soya aya, na ƙulle ƙuli-ƙuli a tsumma. Sannan na kawo dabarar da nake ganin duk ƙasar Zamfara ba wadda ta taɓa yin ta. Kowa ya san dunƙulen fura matafiyi ke ɗauka, in ya iske masu nono ya saya ya dama. Na ce wannan wahala ta mece ce? Na dama tawa da nono tun daga gida, har da zuma, na ɗura a gora, na toshe bakin da totuwa, na bi da ƙaro na liƙe (wai kada ko ɗigo ya zube, kun ji gwana).

Ranar farko ba wanda ya yi ko tari. Yara na bisa jaki suna tauna, ni ina gaba ina taku ɗai-ɗai, ina kallon duwatsun Kwatarkwashi baki buɗe. Goran kuwa na ajiye shi sai gobe. Ya wuni a rana yana rawa a gefen jaki, ya kwana, ya sake shan wata ranar.

Washegari da azahar, mun ɗan wuce Gusau, dakuwa ta ƙare, ƙaramar ’yata Ladi ta fara taɓe baki. Ayari ya sauka gindin wata tsamiya inda Fulani ke sayar da nono.

Inna ta ce, "Ke ba ki sayen nono?"

Na ɗaga murya don kowa ya ji: "A'a Inna, ai tawa hura a dame take!"

Na ja totuwa, ta ƙi fita. Sai Baba, surukina, wanda shekara biyar ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, ɗiyata." Ya matse goran a cinya, ya sunkuya, ya murɗa.

Fau!

Furar nan ta yi tsiri sama kamar an kore ta. Rawani, gemu, da rigar da ya tanada domin suna, duk ta wanke su. Tsami ya cika wurin. Ga wani curin man shanu (jaki ya kaɗa mini shi kyauta) yana lilo a gemun. Ladi ta tsandara ihu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da dunƙule uku, ashe ta san za a rina. Tana dama wa yaran ta ce, "Ai kin ji Ladi ta yi kuka."

Na ce shi ke nan, ni da hanya har abada. Baba yana matse gemu ya ce, "Wanga kukan tsoro na, ba na yunwa ba. Ni ma na kusa yi nai."

Haka na tsira. An ci gaba da tafiya da ni, amma har Baba ya koma ga Allah, in ya gan ni da gora sai ya matsa gefe. Ranar na gane cewa in kika ga tsofaffi sun bar wata dabara a ƙasa, ba don ba su gan ta ba ne.